Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Harkokin Cikin Gida: fasfo na hannuna, ana tambaya ta takardar indijin

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum, Allah ya taya riƙo. Ba zan ja ka da doguwar gaisuwa ba, kuka na kawo.

An haife ni a birnin da ake kira Fort-Lamy, babban birnin Chadi, wanda aka mayar Injamena a 1973. A watan Maris na 1980, da faɗa ya sake ɓarkewa tsakanin mutanen Hisen Habre da na Gukuni Wedeye, mahaifiyata ta jefa ni cikin kwalekwale muka haye Kusiri ta ƙasar Kamaru, ina da shekara goma sha biyu. Daga nan sai Maiduguri, sai Kano inda na koyi ɗinki, sai Birnin Kebbi. Ina garin nan, ina kan kekena, aka ƙirƙiro jihar Kebbi a watan Agustan 1991. A nan na yi aure, a nan na binne mahaifiyar tawa.

Ka fi ni sanin sashe na 27 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya tsara yadda baƙo ke zama ɗan ƙasa, tunda a ofishinka takardun ke kwana. Sai mutum ya shekara goma sha biyar a ƙasa. Sai an tabbatar da halinsa. Sai gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa al'ummar wurin sun karɓe shi, ya kuma saje da su. Sai ya rantse zai yi wa ƙasa biyayya, kafin Shugaban ƙasa ya ba shi shaida. Duk na bi, har limamin unguwarmu da mai unguwa sai da suka tsaya mini. Takardar tana cikin leda a ƙasan adaka, kwafinta ne nake yawo da shi. Da ita na samu lambar NIN, da ita na samu koren fasfo.

Kwanakin baya 'yata da ke aure a Gaya, cikin jihar Dosso ta Nijar, ta haihu, muka tafi suna ni da uwarta. Ka san Nijar ta fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025, don haka gabana ya ɗan faɗi da muka doshi ɓangarensu. Jandarman ya buɗe fasfo, ya dubi fuskata, ya miƙo mini. Shi ke nan. Aka raɗa wa yarinya suna, aka ci tuwo, muka kwana biyu.

A hanyar dawowa ne, bayan mun shigo ƙasata, aka tare mu a wani shinge. Wani matashi cikin kaki, da bai kai ɗana na biyu ba, ya karɓi fasfo ɗin ya tsaya a layin da aka rubuta wurin haihuwa. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Baba, kai ɗan Chadi ne. Sauko." Na ce masa ɗana, duba bangon littafin da ke hannunka. Ya ce littafi ana saye. Na ciro kwafin shaidar zama ɗan ƙasa, ya juya ta gaba da baya kamar rasit ɗin kasuwa, ya ce shi bai taɓa ganin irinta ba. Sai ya jefo tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan wasiƙa: "Wace ce ƙaramar hukumarka ta asali? Ina takardar indijin?"

Ranka ya daɗe, daga ina zan samo ta? Takardar indijin ana bayar da ita ne ga wanda uban ubansa ke kwance a maƙabartar garin. Kakana a bakin kogin Shari aka binne shi. Da ina da ita, me zai kai ni shekara da shekaru ina bin layin neman zama ɗan ƙasa?

Ya zura fasfona a aljihun rigarsa, ya nuna mini benci a gindin dogon yaro. Direban ya sunkuyo ya raɗa mini, "Baba, ba shi na goro mu tahi, rana na yi." Ban bayar ba. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba, na sha bayarwa a kan kaya kamar yadda kowa ke yi. Amma a ranar, duk abin da na miƙa, na sayi abin da na riga na rantse a kansa ke nan. Motar ta gaji ta tafi, aka sauke mana jaka da ledar kayan suna a ƙasa. Matata, 'yar Argungu ce ita gaba da baya, ta zauna kusa da ni tana kuka ƙasa-ƙasa. Daga azahar har bayan la'asar muna wurin, sai da wani babbansu ya zo, ya duba, ya ce a sallame ni. Ko sannu babu.

Wanda bai taɓa gudu ba zai ce ai awa uku ne kawai. Ni kuwa a kan bencin nan ƙafafuna rawa suke yi irin ta ranar kwalekwale, ina da furfura da jikoki, ina tunanin idan aka ce in juya, ina zan nufa? Ba ni da ko guntuwar takardar Chadi. Katin gudun hijira kuma ya daina aiki tun ranar da na zama ɗan ƙasa, haka yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta tanada.

Kada a ce tsorona na banza ne. A watan Janairun 1980, wata biyu kafin mu tsallako, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, aka kai shi iyaka aka ce ɗan Chadi ne. Sai da kotu a Maiduguri ta dawo da shi. Wannan fa ɗan majalisa ne mai jam'iyya da lauyoyi. Tela fa?

Sashe na 41 ya ce ba a korar ɗan ƙasa, ba a kuma hana shi shiga ko fita. Na sa an karanta mini shi sau biyu, ban ji inda aka ce sai mai takardar indijin ba.

Mun ji ka a rediyo lokacin da kuka fitar da fasfo sama da 200,000 da suka maƙale, cikin 'yan makonni, a 2023, mun kuma yaba. Mun ga hotunan ƙofofin zamani a filin jirgin Abuja, waɗanda ke karanta fasfo su buɗe da kansu. Madalla. Sai dai mu nan ba jirgi muke hawa zuwa suna ba. Ƙofarmu ganga ce da katako mai ƙusoshi, kuma na'urar da ke karanta fasfo ita ce yatsan wanda ya tare ka. In ƙofar Abuja ta yarda ni ɗan Najeriya ne, don Allah a sanar da gangar.

Roƙona ba mai tsada ba ne. A rubuta umarni a aika wa duk masu tsayuwa a hanyoyin iyaka, daga nan Kebbi har Zamfara da Sakkwato, cewa shaidar zama ɗan ƙasa ta wadatar, kuma wurin haihuwa a fasfo ba hujjar tsare mutum ba ne. A nuna wa sababbin ɗauka samfurin takardar tun a makarantar horo, don yaron nan na yarda da gaske bai taɓa ganin ta ba. A kuma ba su hanyar duba lambar NIN ko ta fasfo nan take, da lambar waya da matafiyi zai kira a ɗauka. Akwai maganar yawan shingaye, da ta 'ya'yanmu da ake mayar wa takardun neman aiki saboda indijin ɗin nan, amma na bar su sai wani jiƙon.

In Allah ya kai mu bayan salla zan koma Gaya, an ce yarinyar ta fara murmushi. Wannan karon ainihin takardar zan ciro daga adaka in tafi da ita, ko da yake uwargida ta ce kada in kuskura, in aka sa ta a aljihu ba ta dawo ba fa.

Wassalam.

Naka,
Wani tela, ɗan ƙasa, daga Birnin Kebbi