Godiya ga Ma'aikatan BBC Learning English daga Wani Malamin Sakandare

Zuwa ga ma'aikatan sashen koyar da Turanci na BBC, Landan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandaren gwamnati a Zariya. Na zaɓi in yi muku wannan godiya a bainar jama'a ne domin 'yan'uwana malamai su ji inda na samu sauƙi. Yaba kyauta tukwici.

BBC ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, tun 1957 iyayenmu ke kama Sashen Hausa a rediyo. Sai dai kaɗan ne cikinmu suka san cewa gidanku ya fara koyar da Turanci ta rediyo tun 1943, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, kuma aikin yana nan har yau a intanet, ba ko sisin kwabo. Shirin da ya fi yi mini rana shi ne The English We Speak. 'Yan mintoci ne kawai, mutum biyu na hira, su ɗauko magana ɗaya wadda ma'anarta ke lulluɓe, su sa ta a bakin mutane cikin misalai, sannan su nuna wurin da ta dace.

Ga ciwon da ya warkar mana. Ɗalibanmu gwanayen hadda ne. Ka tambayi ma'anar nau'o'in adon magana irin su simile ko metaphor ko personification, za su zuba maka ita tiryan-tiryan. Amma a jarrabawar WAEC, idan aka ciro jimla daga cikin labari aka ce wane adon magana ne wannan, kuma me yake nufi, sai su ci rabin farko su faɗi a na biyu. A JAMB kuwa akan kawo karin maganar Turanci da amsoshi huɗu, a saka ma'anar zahiri a cikinsu a matsayin tarko, yaro ya rufta da ƙafa biyu.

Abin da kan ba ni haushi shi ne yaran nan a cikin adon magana suka tashi. Wanda ke ce wa mahaifiyarsa "yunwa za ta kashe ni" alhali ya karya da safe ya riga ya iya hyperbole, wato kambamar zulaƙe. Wanda ya ce "Audu zaki ne" ya yi siffantawa, da ya sa "kamar" a ciki da ta zama kamantawa, kuma wannan shi ne duk bambancin metaphor da simile, mai tafiya da like ko as. Kullum suna jin ana cewa wane ya riga mu gidan gaskiya, don haka passed away ba za ta gagare su ba. A labarai suna jin "fadar White House ta ce", ba wanda ya taɓa zaton gini ne ya buɗe baki, ashe metonymy suke sha ba su san sunanta ba. Salonku na fara kawo misali kafin suna ne ya sa na sauya tsarin darasina. Yanzu sai sun ji maganar, sun yi gardama a kan abin da take nufi, sun lalubo 'yar'uwarta a Hausa, sannan in rubuta sunanta a allo.

Inda ake shan wuya da gaske shi ne maganganun da suka fito daga rayuwar da ba tamu ba. Red tape ta samo asali ne daga jan ƙyallen da ake ɗaure takardun shari'a da na hukuma a Ingila, shi ya sa ta zama sunan jeka-ka-dawo na ofis. White elephant, wadda jaridunmu ke yawan laƙaba wa manyan ayyukan gwamnati marasa amfani, tana komawa ga farar giwar sarakunan Siam, Thailand ta yau, dabba mai alfarma da ba a sa ta aiki sai ciyarwa. Break a leg fatan alheri ce ga ɗan wasan kwaikwayo kafin ya hau dandamali, ba mugun baki ba. Waɗannan da bayani ake gane su.

Akwai kuma waɗanda bayani ba ya wadatarwa, sai kunne. Mutanen Ingila suna da ɗabi'ar rage wa magana kaifi. Idan ɗayansu ya duba aikinka ya ce "not bad", sau da yawa yabo ne, idan kuma ya fara da "I'm afraid", ba tsoro yake ji ba, shirin hana ka abu yake yi cikin ladabi. Gatse ma haka yake, a murya yake zaune, takarda ba ta nuna shi. Nan ne sautinku ya fi kowane littafin da ke ɗakin karatunmu, waɗanda har yanzu suka nace wa raining cats and dogs, wato ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, maganar da da wuya ka ji matashin Landan na faɗa.

Nakan sauke shirin a waya da dare lokacin da data ke araha, in kunna a aji da 'yar ƙaramar sifika, in kwafi rubutacciyar hirar a allo saboda na baya da ba sa ji sosai. Manyan aji kuma ina haɗa musu da shirinku na 6 Minute English. Na gode ƙwarai da kuke ajiye rubutun tare da sautin, domin ba don shi ba da saurin harshen masu gabatarwa ya tsere wa rabin ajin.

Roƙona ɗaya ne. Tunda gida ɗaya kuke da Sashen Hausa, don Allah ku duba yiwuwar haɗa hannu da su a riƙa yin gajeren bayanin irin waɗannan maganganu da Hausa a rediyo, saboda malaman ƙauye da ba su da intanet.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin Turanci, Zariya.