Ƙananan Kifayen Kan Duwatsu Dangin Kurungu Ne, Ba 'Ya'yan Tarwaɗa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin da jaridarku ta buga kan kifayen kogunanmu, na kuma ƙaru da shi, sai dai akwai gyara guda da nake roƙon a ba ni fili in yi. Ƙananan kifayen nan masu gashin baki da ake samu manne da duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi, waɗanda aka ce 'ya'yan tarwaɗa ne, manya ne da suka kai iya girmansu, ko da yake yawancinsu ba sa kai santimita 10.

Masana suna kiransu Chiloglanis, sunan da Bajamushen nan Wilhelm Peters ya raɗa musu a 1868, kuma sun sanya su a dangin Mochokidae, gida ɗaya da kurungu, alhali tarwaɗa tana dangin Clariidae. Duk masuncin da ƙayar kurungu ta taɓa soka zai gane wannan zumunta, domin su ma suna da ƙaya a gadon baya da gefe biyu na ƙirji. Abin da ya fi burge ni shi ne bakinsu, wanda yake ta ƙasa, leɓɓansa sun baje kamar faifai, da shi kifin yake manne wa dutse har igiyar ruwa ta kasa ɗauke shi, yana kankare gansakuka da tsutsotsin ƙwari yana ci. A Afirka kaɗai ake samunsu, akwai ma wanda aka sa wa sunan kogin Binuwai a 1963, sannan a 2017 masu bincike suka bayyana sababbin nau'o'i 9 daga rafukan Afirka ta Yamma.

Wannan bambanci yana da nauyi, domin tarwaɗa tana iya shaƙar iska ta rayu cikin taɓo, su kuwa waɗannan sai ruwa mai gudu mai wadatar iska. Idan aka datse kogi, ko zaizayar ƙasa ta binne duwatsu da yashi, ko aka zuba guba don kamun kifi, su ne kan gaba wajen ɓacewa, kuma da yake ba su da daraja a kasuwa, babu mai cigiyarsu. Ina roƙon ku tuntuɓi masanan cibiyar binciken kifi ta New Bussa tare da sarakunan ruwa, a ji sunayen da masunta ke kiransu da su a kowane yanki.

Naku mai karatu,
daga Yola.