Kafin a Shiga da Maman Sadiƙ Ɗakin Tiyata

Jos, Jihar Filato.

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya mai jiki? Saƙonka ya iso, na ji an sa ranar da za a cire wa Maman Sadiƙ mahaifa saboda sankarar da aka gano. Allah Ya sa kaffara ce, Ya tashi kafaɗunta.

Ka tambaye ni abin da za ku shirya. Maganar jini da kuɗin aiki kowa zai faɗa maka. Ni abin da nake so ka riƙe shi ne tashin zuciya da amai bayan an farfaɗo, don mutanenmu sun raina shi, sai ka ji ana cewa ai allurar barci ce ke fita, a yi haƙuri. Mu da muke tsaye a kan marasa lafiya a ɗakin farfaɗowa mun san ba ƙaramin abu ba ne. Sai ka ga mace da ɗinki daga cibiya har mara, ta dafe wurin da hannu biyu tana kakari, hawaye na zuba, ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. Kakarin yana jan ɗinki, aman yana ƙarar da ruwan jiki, in kuma barci bai gama sakinta ba yana iya sarƙe ta ya gangara huhu.

Tun 1999 wani likita a Jamus, Christian Apfel, ya fitar da abubuwa huɗu da ke nuna wanda aman zai fi kamawa: mace, wanda ba ya shan taba, wanda ya taɓa amai bayan tiyata ko yake amai a mota, da wanda za a ba maganin ciwo mai ƙarfi irin su mofin. Wanda ba shi da ko ɗaya, kusan 10 cikin 100 ne ke yi. Wanda ya haɗa huɗun, kusan 80 cikin 100. To duba uwargida. Ban manta yadda ta sha wuya da amai a mota a Hawan Kibo ba lokacin da kuka kawo mana ziyara, ga shi aiki ne babba da sai an ba ta maganin ciwo mai ƙarfi. Ta haɗa duka ke nan.

Saboda haka in likitan da zai sa ta barci ya zo dubata ana gobe aiki, kada kunya ta hana a faɗa masa batun motar nan. Ka tambaye shi kai tsaye rigakafin da ya tanada. Mai haɗari irin nata ba a dogara da magani ɗaya. An fi ba da deksametazon da zarar barci ya ɗauke ta, sannan ondansetiron miligiram 4 dab da kammala aiki, don kowanne hanyarsa daban a jiki. In da hali, akan riƙe barcin da farar allurar nan, furofofol, maimakon iskar da ake shaƙa, wannan ma yana rage aman sosai.

Kowanne da nasa sharaɗin. Deksametazon yana ɗaga sukari, in tana da ciwon sukari a faɗa. Ondansetiron yana kawo ciwon kai da taurin bayan gida, mai matsalar bugun zuciya kuma sai an yi hattara. Maxolon da aka saba da shi bai kai su ƙarfi wajen rigakafi ba, kuma wani lokaci yakan sa wuya ya sandare, ido ya kakkafe sama, har 'yan jinya su ɗauka iska ce ta tashi. In kun ga haka ku kira nas nan take, akwai allurar da ke warware shi.

Ka kuma ja kunnen 'yan dubiya. Turare mai ƙarfi da farfesu mai yaji su dakata. Idan an ba da izini, ta fara da kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, sai kunu mai ruwa-ruwa. Amma in an kwana biyu ko uku aman yana ƙaruwa, ya koma kore, ciki ya kumbura, ba ta fitar da iska, wannan ya wuce na allurar barci. Mai yiwuwa hanji ne bai motsa ba, sai a sanar da likitan da ya yi aikin, ko da tsakar dare ne.

Ka turo mini sunayen duk magungunan da take sha yanzu, har da na gargajiya, in duba kafin ranar. Maman Hafsat tana gaishe ta da jiki. A gaida su Sadiƙ.

Naka,
Isa