Kawu Ya Kama Shago Da Lasin Da Ban Samu Ba

Dogo,

Salamu alaikum, ya Masar, ya karatu? Na san kana cike da ni, saƙonka na watan jiya har yau ban amsa ba, kai dai ka yi haƙuri wallahi kaina ne ya ɗau zafi.

Albishirinka, na samu wajen intanship, wato horon aikin famasi na bayan digiri! Wata bakwai ina yawo da fayil a hammata kamar mai neman aure, wannan ya ce ba gurbi, wancan ya ce in dawo bayan Sallah, sai ga shi ranar Litinin an kira ni. Wata 12 cur zan yi ƙarƙashin famasis mai rijista, shi zai riƙa sa min hannu a logbuk, kuma dole sai wajen da PCN, hukumar da ke kula da aikin famasi a Najeriya, ta amince da shi, in ba haka ba aikin baban giwa ka yi.

To amma murnar ba ta kwana ba saboda Kawu. Tun ranar rantsuwarmu ta shiga aikin famasi da ya gan ni an ɗauke ni hoto ya shiga gaya wa ƴan majalisarsu zai buɗe famasi a Tumfure da lasina, kai har ya kama shago ya biya haya ban sani ba! Na ce Kawu lasin da aka ba mu ɗin nan na wucin gadi ne, na intanship kawai, sai na gama shekarar na zauna jarrabawar PEP, wadda ake yi kafin rijista, na ci sannan a yi min cikakkiyar rijista, ga bautar ƙasa tana jira, kuma shi kansa shagon sai PCN ta zo ta duba ta ba shi nasa lasin, wanda duk shekara ake sabuntawa. Wai sai ya ce to shekara biyar ɗin da na yi, da wata takwas na yajin aikin ASUU a 2022, me na koyo? Ga yaron maƙocinsa ko jami'a bai je ba yana da kemis a Bolari. Na yi ta bayani cewa nasu lasin daban ne, maganin da aka yarda su sayar ma a ƙayyade yake, amma ina, ya ce in na samu kawai in rataye masa a bango in tafi harkata. Ka ji fa. In wani ya sha abin da ya illata shi sunan wa za a nema? Nawa mana. Inna ta ce kar in yi masa musu a gaban mutane, shi ya sa yanzu in na hango babur ɗinsa sai in bi ta lungu.

Af, mutuminmu Shugaba zai angwance bayan Sallah, da ita dai waccan ɗin da ya rantse ba komai tsakaninsu. Ka tanadi gudummawa, ka haɗa da kuɗin tsiren da nake binka tun muna aji uku, ban yafe ba.

Kai ma kar ka yi min dariya, in ka dawo da digirin waje sai ka fara yin kwas ɗin FPGOP da PCN ke yi wa waɗanda suka karanta famasi a waje, ka ci jarrabawarsa kafin ma a rantsar da kai, sannan ka ɗau fayil ka bi sahuna. Me ka tambaye ni ma a saƙon nan? Ka sake turowa, wayar ta goge. Bari in je, ga sallamar Kawu nan a zaure.

Naka,
Baban Zaure