A Riƙa Tunawa da Ma'aikatan Bayan Kyamara a Kannywood

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani ɓangare na masana'antar fina-finan Hausa da ba kasafai ake ba shi shafi ba, wato ma'aikatan da ke tsaye a bayan kyamara. Galibin abin da jaridu da gidajen rediyo ke kawo mana game da Kannywood bai wuce labarin jarumai ba: wanda ya yi aure, da waɗanda suka samu saɓani, da wanda hukuma ta dakatar. Amma mai ɗaukar hoto, da mai ɗaukar sauti, da mai saita fitilu, da mai kwalliya, da mai kula da sutura, da editan da ke kwana a gaban kwamfuta, sai dai a ga sunayensu suna wucewa da sauri a ƙarshen fim, lokacin da mai kallo ya riga ya tashi. A ganina ingancin fim yana hannun waɗannan bayin Allah ne, kuma muddin ba a horar da su, aka kuma biya su haƙƙinsu a kan kari ba, ƙorafin da muke yi kan raunin fina-finanmu ba zai ƙare ba.

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, har zuwa 1999 da mujallar Tauraruwa ta laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood, da ma bayan haka, yawancin masu aikin bayan kyamara a bakin aiki suka koyi sana'arsu. Yaro yakan fara da ɗaukar jakar kyamara da naɗe waya, daga nan a ba shi riƙon fitila, in Allah ya sa yana da basira wata rana a miƙa masa kyamarar. Wannan hanya ta fitar da gwanaye waɗanda ba za a raina ƙwazonsu ba, sai dai tana da iyaka, domin almajiri ba ya samun abin da maigidansa bai sani ba, kuma kuskuren da maigida ya saba da shi haka yaronsa zai gaje shi.

Mai kallo da yawa yana zaton ana ɗaukar fim ne daga farko zuwa ƙarshe kamar yadda yake gani, alhali ba haka abin yake ba. Idan an karɓi aron gida ko an kama hayarsa na kwana biyu, to duk fitowar da labari ya ce a wannan gida take, ta farkon fim ce ko ta ƙarshensa, a cikin kwanakin nan biyu za a ɗauke ta. Saboda haka jaruma tana iya yin kukan rabuwa da mijinta da safe, da la'asar kuma a ɗauki ranar da aka kai ta ɗakinsa tana amarya. A nan ne aikin mai lura da jeren labari yake da nauyi, domin shi ne zai rubuta irin atamfar da ta ɗaura, da gefen da ɗankwalinta ya karkata, da hannun da jarumi ya riƙe wayarsa da shi, da yawan shayin da ya rage a kofi, ta yadda in an dawo bayan mako biyu don ɗaukar abin da ya biyo baya a wani wuri dabam komai zai dace. Duk lokacin da aka ga mutum ya fita daga falo da hula zanna bukar ya isa ƙofar gida da dara, to ko dai ba a ɗauki mai wannan aiki ba, ko kuma an haɗa masa aikin mutum uku shi kaɗai. Sannan inda ake aiki da kyamara ɗaya, hirar minti biyu tsakanin mutum biyu sai an maimaita ta daga nesa, a sake ta a kan fuskar wannan, a kuma sake ta a kan fuskar wancan, kowane karo ana ɗaga fitilu ana sauya musu wuri. Wannan ne ya sa jarumi zai iya samun hutu a cikin mota, amma masu fitila da kyamara ba su da lokacin zama.

Inda na fi jin takaici shi ne sauti. Hausa harshe ne da ma'anarsa ke rataye da karin murya da tsawon wasali, kuma ƙarfin fina-finanmu tun asali a zance yake, a gugar zana da karin magana da iya jera kalami. Duk da haka sauti ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, akwai rurin janareta, wanda ba makawa sai an kunna shi saboda fitilu, akwai hon ɗin adaidaita sahu, da kukan awaki, da hayaniyar yaran unguwa da suka taru kallo, ga kuma falo mai tayil da ke mayar da murya tamkar ana magana a cikin rijiya. Mai sauti da ya san aikinsa zai nemi a kai janareta nesa da doguwar waya, a kashe fanka da firiji, a shimfiɗa darduma inda kyamara ba ta gani domin ta shanye amsa-kuwwa, zai riƙe sandar makirufo sama da kan mai magana ba tare da ta leƙo cikin hoto ba, sannan bayan an gama ya roƙi kowa ya yi tsit na ɗan lokaci ya naɗi shirun ɗakin, wanda da shi edita zai cike giɓin da ke tsakanin maganganu. Allon nan da ake bugawa kafin a ce a fara, ƙarar bugunsa ce ke ba edita damar daidaita murya da motsin baki. Duk wannan yana cin lokaci, kuma furodusan da ke ƙirga sa'o'in hayar kayan aiki ba ya son jin a dakata. Sakamakon shi ne fim mai hoto garau da kyamara mai tsada, amma mai kallo yana ta ƙara murya yana ragewa domin bai ji abin da aka ce ba.

Waƙoƙin fim ma akwai waɗanda ake mantawa da su a cikinsu. Kafin a je wurin ɗauka an riga an gama waƙar a sitidiyo, irin waɗanda suka yi yawa a Titin Gidan Zoo a Kano, inda makaɗi zai haɗa kiɗa da fiyano, mawaƙa su ɗora murya. A lokeshin sai a kunna ta a lasifika, jarumai su bi da baki, a maimaita baiti ɗaya sau da dama a wurare dabam-dabam da sutura dabam-dabam. Mazan mawaƙa da dama sun yi suna har sun tsaya da ƙafafunsu, amma makaɗan da suka haɗa kiɗan da matan da ke rera amshi ba safai ake jin sunayensu ba, kuma galibi sallama ɗaya ake yi musu, komai daɗewar da waƙar za ta yi ana cin moriyarta.

Sauyin kasuwa ya ƙara wa waɗannan ma'aikata nauyi. A da furodusa yakan kai fim ɗinsa kasuwar Ƙofar Wambai a faifai, amma satar fasaha da masu tura fina-finai a waya suka durƙusar da wannan ciniki. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, da kuma komawar furodusoshi YouTube, fim mai dogon zango ya zama abin yayi, kuma shi yana da ranar fita duk mako wadda masu kallo ba sa yafewa. Kuɗin da YouTube ke biya ya danganta da yawan kallo da tallan da aka saka, kuma kallon da aka yi daga Najeriya ko Nijar ba ya kawo abin da kallo daga Turai ko Amurka ke kawowa. Don haka furodusa yakan matse kasafi, ya nemi a ɗauki fitowa masu yawa a yini ɗaya, ya kuma cusa tallan 'yan kasuwa a tsakiyar shiri. Ba zai iya rage kuɗin fitaccen jarumi ba, tunda fuskarsa ce ke jawo masu kallo, saboda haka ragin yakan faɗa a kan mai fitila da mai sauti da edita. Yawancin yarjejeniyar da baki ake yin ta, kuma wanda aka ce ya jira sai fim ya fita ba shi da takardar da zai nuna wa kowa idan aka hana shi. Waɗannan mutane ne masu hawa tsani da wayar lantarki a hannu, masu tafiyar dare daga wannan gari zuwa wancan, ba tare da wani tanadi ba idan tsautsayi ya auku.

Na san an yi yunƙuri a baya. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina alƙaryar fim a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, daga baya ta janye bayan adawar da wasu malamai da jama'a suka nuna. Kowane ra'ayi mutum yake da shi a kan wancan al'amari, buƙatar wurin koyon haske da sauti da tace hoto tana nan daram. Akwai Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, akwai kuma sashen nazarin wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero, amma mai riƙe fitilar da ke ciyar da iyali da kuɗin yini ba zai iya ajiye aiki ya tafi karatun shekaru ba. Abin da zai amfane shi shi ne gajeren horo na mako biyu ko uku, a Kano ko Kaduna, cikin harshen Hausa, da kayan aiki a hannunsa.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa 'yan fim rajista, kuma babu fim ɗin da ya halatta ya fita sai ya bi ta hannunta. Tunda tana da wannan iko, ina ganin ya dace ta haɗa kai da MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar shirya fina-finai, su samar da takardar yarjejeniya mai sauƙi, shafi ɗaya da Hausa, wadda za ta bayyana aikin mutum, da kuɗinsa, da ranar biya, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan ya ji rauni a bakin aiki, sannan a nemi furodusa ya gabatar da ita tare da fim ɗinsa lokacin tacewa. Tsare haƙƙin ma'aikaci yana cikin tarbiyyar da hukumar ke cewa tana karewa, kuma addininmu ya yi umarni da a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe.

Ku ma 'yan jarida ina da roƙo a gare ku. Idan wakilinku ya je lokeshin, to bayan ya gama hira da jarumi ya juya ya tambayi mai riƙe da sandar makirufo sunansa, da inda ya koyi aiki, da ko an biya shi kuɗin fim ɗin da ya gabata. Idan kuma za ku yi sharhin sabon shiri, ku faɗa mana wanda ya ɗauki hoton da wanda ya tace shi, ku yaba inda suka kyautata, ku kuma nuna inda suka gaza, domin furodusoshi su san cewa akwai masu lura da wannan aiki.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano