Dan Allah ku yi mana shiri kan yadda ƙwaƙwalwa ke farfaɗowa bayan shanyewar ɓarin jiki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na lafiya da aka yi kan shanyewar ɓarin jiki, likitan ya yi ƙoƙari wajen bayanin hawan jini da garzayawa asibiti da wuri, to amma fa bai taɓo abin da ke biyo baya idan an sallamo mutum gida ba, kuma wallahi nan ne muke tafka kuskure.

Shekara biyu kenan da abin ya sami Babanmu, hannun dama da ƙafa suka daina aiki, baki ya karkace. Mu kuma saboda tausayi komai mu muke masa, mu ba shi abinci a baki, mu sa masa riga, ko buta ya miƙa hannu zai ɗauka sai wani ya riga shi, masu zuwa dubiya kuma wannan ya ce iska ce wancan ya ce jifa ne. Sai da muka je wajen likitar gashi, wato mai koya wa majinyaci motsa gaɓoɓi, ta ce mana ku daina, kuna hana ƙwaƙwalwarsa koyo ne. Ta ce wurin da jini ya yanke a ƙwaƙwalwa ya mutu kam ba ya dawowa, amma sauran sassan suna iya buɗe sabbin hanyoyi su karɓi aikin, da sharaɗin a riƙa maimaita motsin kullum, kuma an fi samun ci gaba a wata uku zuwa shida na farko. Mu mun riga mun ɓarar da wata biyu.

Daga baya na bi diddigin maganar a intanet, ashe abu ne da aka daɗe ana bincike a kai. A da masana na ganin ƙwaƙwalwar babba ta gama ginuwa ba ta canzawa. A shekarar 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, suka tarar wani ɓangare mai riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a tuƙi nasa ya fi. Manya ne fa ba yara ba. Edward Taub kuma a Amurka shi ya kawo dabarar sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri na kimanin sati biyu, dole mutum ya yi ta fama da wanda ya shanye, amma wannan sai mai ɗan sauran motsi a yatsu kuma ƙarƙashin kulawar masu gashi, kar wani ya je ya ɗaure majinyaci a gida.

Baba da wake ya fara, yana tsinta ɗaya ɗaya daga faranti zuwa kofi, wata rana har hawaye yake don haushi. Yanzu yana cin tuwo da hannunsa na dama yana jan carbi, tafiya dai sai da sanda kuma yatsu biyu har yau ba su saki ba.

Dan Allah ku gayyato likitan gashi ku ba shi shiri guda cikakke, ku buɗe layi mutane su bugo, kuma a sa shi da daddare lokacin da matan da ke jinya a gida suka samu zama.

Naku mai sauraro,
daga Zariya