Wasiƙa Ga Ɗana Kan Layi Ukun Da Aka Ba Shi

Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ummanka ta ba ni labarin wayar da kuka yi ranar Juma'a, wai ka yini a lokeshan tun hantsi har magariba, layi uku kacal darakta ya ba ka, ka koma masauki kana cewa an raina ka. Ka san ban so ka shiga harkar fim ba, amma tunda na riga na sa maka albarka, ba zan yi shiru ba.

Ka tuna fim ɗin da muka kalla da ƙaramar salla, na tsohon da ruɗewar tsufa ta kama har ya daina gane 'yarsa? Ummanka ta tashi ta bar falon don ya tuna mata da Baba. Wannan tsohon shi ne Anthony Hopkins, ɗan mai gidan burodi, haifaffen yankin Wales na Birtaniya a 1937. A makaranta ba ya cikin masu ƙoƙari. A 1965 shahararren ɗan wasa Laurence Olivier ya ɗauke shi a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, kuma cikin aikinsa har da haddace rawar Olivier, ya zauna jiran ko-ta-kwana. Sai a 1967 ciwon afendis ya kwantar da Olivier, aka ce wa Hopkins ya hau dandali. Ya hau, kuma ya riga ya haddace komai. Ka yi tunanin da a ce ya ɓata kwanakin jiran nan yana ƙorafi.

Har ya tsufa bai bar wannan hali ba: yakan maimaita layukansa sau ɗaruruwa kafin a kunna kyamara. Oscar ɗinsa na farko, wato babbar lambar yabo ta harkar fim, ya zo a 1992 yana da shekara 54, kuma fitowarsa a fim ɗin da ya jawo masa lambar ba ta kai rabin awa ba. Na biyu a 2021, yana da 83, kan fim ɗin da muka kalla. Layukanka uku, sau nawa ka bi su?

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Mutumin nan giya ta kusa gamawa da shi, da bakinsa yake faɗa. A shekarun da yake sha ya fice ya bar matarsa ta fari da 'yarsu tana jaririya. Ya daina sha a watan Disamba na 1975, ya samu duk ɗaukakar da ake samu a sana'ar, amma tsakaninsa da 'yar nan bai gyaru ba. Duk sanda na tuna wannan sai gabana ya faɗi.

Zuwanka na ƙarshe na ga idonka ja, na kuma ga ka bar tuwon da ka fi so a kwano. Na yi maka uzuri da gajiya, ina roƙon Allah ya sa gajiyar ce. In wani ya miƙo maka kwalba ko ƙwaya wai don ka cire kunyar kyamara, ka tashi daga wurin, ko shi ne furodusa. In kuwa har ka fara, ka kira ni kafin kowa. Wallahi ba faɗa zan yi maka ba, mota zan hau in zo.

Ka zo gida ƙarshen wata da takardar layukan naka, in riƙe maka kana karantawa. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka